Kalar Uwata

Injiniya ya rataya 'yar na'urar a saman allon kwamfutar, ya saki igiyarta ta baya, sannan ya kwantar da allon kaɗan har ta manne luf a kan gilashin. Ba ta fi sabulun wanka girma ba. A shagon, kwaɗo suke ce mata, saboda yadda take maƙalewa wuri guda ta yi shiru.

"Kashe mana fitilar can," ya ce wa Mai Hoto. "Ka ja labulen ma. Ba ta son wani haske sai na allon."

Mai Hoto ya kashe, ya ja labule, ya dawo ya zauna a kujerar roba yana kaɗa ƙafa. Tun safe yake shagon. Injiniya ya sa shi ya kunna kwamfutar ya bar ta ta ɗau zafi, ya sa shi ya goge allon da ƙyalle mai laushi, ya kashe abin nan da ke rage haske da kansa da wanda ke mayar da allo rawaya-rawaya in rana ta faɗi. Duk ya yi ba musu. Wannan fa mutum ne da ya shekara da shekaru yana bugun ƙirji cewa idonsa ya fi kowace na'ura, kuma duk ranar da Injiniya ya yi masa tayin kwaɗon sai ya ce a ajiye wa yaran da suka koyi hoto a waya. Yau shi ne ya zo da ƙafarsa, ko karin kumallo bai tsaya yi ba.

Abin da ya kawo shi kuwa, jiya da yamma ya faru. Babbar 'yarsa, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa yake kiranta Uwata, ta gama makarantar koyon aikin jinya, an kuma tura ta wani asibiti a wani gari mai nisa. Baƙa ce, baƙi mai sheƙi irin na kakarta, duk gidan ita kaɗai ta ɗauko shi. Mai Hoto ya ɗauke ta a shagonsa cikin farar rigar aiki, ya zauna ya gyara hoton a kwamfutarsa ta cinya, ya kawo wa Injiniya, wanda shi ke da babban injin wanke hotuna a layin, ya wanke masa ƙato, aka sa a firam mai ruwan zinariya. Ya shiga gida da shi a nannaɗe cikin takarda, falo cike da dangin da suka zo yi wa yarinya sallama, ya ce kowa ya rufe ido.

Da aka buɗe, yayarsa ce ta fara magana, Gwaggon yara, wadda Allah bai yi wa bakinta birki ba.

"Wace 'yar mutane ce wannan? Ko man nan kika fara shafawa ba mu da labari?"

Falo ya ɗauki dariya. Yarinyar da ke cikin firam ɗin kyakkyawa ce, ba a ce ba, idon Uwata ne da hancinta da 'yar wushiryarta, amma fatar ta koma wankan tarwaɗa, har tana neman wucewa. Uwata ma ta yi dariyar, 'yar kaɗan. Sai ta dubi hoton, ta dubi bayan hannunta. Ba wanda ya lura sai uban, kuma da ya lura ji ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi a wuya. Nan take ya ce ai kwamfutar ce, allonta ya yi duhu kwanan nan, shi yana ƙara haske yana zaton daidai ne, ashe a takarda wuce wuri zai yi.

"To Baba, sai a gyara ta," in ji Uwata, ta kwashe kofuna ta fita.

Da safe matarsa ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ta yi. Ta ajiye masa shayi, ta ce yarinya motar yamma za ta bi, kuma hoton yana jingine a bayan kujera inda aka bar shi, ba ta ce a rataye ba, ba ta ce za ta tafi da shi ba. Shi ke nan abin da ta faɗa. Ya saɓi jakar kwamfuta ya fita. A cikin bas, jakar a kan cinyarsa, wani fasinja na taka masa ƙafa, ya kama kansa yana roƙon Allah Ya sa allon nan ya lalace lalacewa mai muni. In allon ne, zai koma gida ya ce ga shi na'ura ta tabbatar, yarinya ta tafi da zuciya wasai. In ba allon ba ne, to za ta hau mota tana ganin ubanta na kallon fatarta a matsayin abin gyara. Bai yarda ya tsaya a kan wannan tunanin ba.

Yanzu allon ya fara canja kala a ƙarƙashin kwaɗon. Ja ya cika shi, ya ɗauke, kore ya zo, shuɗi ya biyo, sannan toka-toka kala-kala, daga mai kusan baƙi har zuwa fari ƙal. Hasken na faɗowa a fuskokinsu cikin duhun shagon. Injiniya, wanda bai iya ganin shiru ya bar shi ba, ya hau bayani. Ya ce kwamfuta na aika kala, kwaɗon na auna abin da ya fito a zahiri, sai a rubuta bambancin a gyara, yadda jan da ka gani a allo shi ne jan da za ka gani a takarda. Ya ce yawancin kwamfutocin nan daga kamfani ake ƙure musu haske a ƙara musu shuɗi don su ja ido a kanti.

"Shi ya sa masu gyara hoto a kansu, in sun kawo min, sai ka ga hoton ya fito da duhu," in ji shi. "Allon na yi musu ƙaryar haske, su kuma suna ragewa."

Mai Hoto ya ce tasa ai tsohuwa ce, ta gaji, duhu take yi. Injiniya ya ce to, za a gani.

Aka gani kuwa. Kwaɗon ya gama, wani ɗan akwati ya fito mai maɓalli biyu, ɗaya na nuna allon yadda yake da, ɗaya yadda ya koma. Injiniya ya danna wannan, ya danna wancan. Mai Hoto ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin. Ɗan shuɗin da ke cikin farin ya tafi, hasken ya ragu kaɗan, shi ke nan. In ba wanda ya san aikin ba, ba zai ce an taɓa komai ba.

"Allonka ƙalau yake," in ji Injiniya. "Hasken ma yawa ya yi masa, ba duhu ba."

Mai Hoto ya ce a sake. Ya ce labulen bai rufu da kyau ba, ya tashi ya soke shi da fil, ya tsaya a gaban 'yar kafar da ta rage ya tare ta da bayansa. Aka sake zagayen ja da kore da shuɗi, aka sami abin da aka samu da farko. Sai ya koma kan takarda, ya ce ko sabuwar da Injiniya ya sayo ce ke shan tawada ba daidai ba. Daga takarda ya koma kan tawadar, daga tawada ya koma kan injin. Injiniya bai yi fushi ba, sun daɗe tare, ya san mutumin da ke neman hanyar fita in ya gan shi. Ya ɗauko ɗan ƙaramin gwajin da ya wanke jiya kafin babban, ya buɗe hoton a kwamfutar, ya kara takardar a gefen allon. Yarinya ɗaya ce, fara a can, fara a nan.

Mai Hoto ya dubi takardar, ya dubi allon. Can ya ce wataƙila ranar ya gaji ne, ko hannunsa ya zame bai lura ba. Ya ce ba komai, na asalin yana nan yadda kyamara ta ɗauko shi, bari ya sake gyarawa tunda allo ya daidaita, a wanke sabo kafin yamma.

Ya buɗe na asalin. Ga Uwata nan a tsaye, baƙarta, cikin farar riga, tana murmushin da take yi in ta san ana kallonta. Ya ja kujera ya fara aiki. Injiniya ya buɗe labule, ya kunna fitila, ya dawo ya zauna a kan tulin kwalaye yana ba shi labarin gwiwarsa da ta hana shi barci da likitan da ya ce ya daina hawa bene, alhali gidansa a saman bene yake. Mai Hoto na saurare, yana sa baki, har ya ba shi sunan wani man shafawa da ya yi wa surukinsa aiki. Yana magana hannunsa na tafiya, ya daidaita hoton, ya yanke gefen da waya ta shigo, ya goge ɗan tabon da ke jikin bangon baya. Yana cikin bayanin yadda ake shafa man sai ya ji Injiniya ya daina amsawa.

"Kalli allonka."

Ya kalla. Uwata ta sake komawa fara.

Bai san lokacin da ya yi ba. Da gaske bai sani ba, kuma wannan ya fi komai ba shi kunya. Ya duba jerin abin da ya yi wa hoton, ga shi nan a tsakiya, tsakanin yanke gefe da goge tabo. Maɓalli ɗaya ne. Shi ya haɗa shi da kansa shekarun baya, lokacin da ya gaji da maimaita aiki iri ɗaya. In ka danna, ya ware fuska da wuya da hannu, ya ɗaga musu haske, ya cire ja, ya shafe. Kusan duk wanda ya zauna a gaban kyamararsa sai ya rage murya ya ce a ɗan haska shi. Amare sun ce, iyayensu sun ce, masu neman aiki sun ce, har wani dattijo mai furfura ya taɓa cewa. Waɗanda ba su ce ba, in ya bar su da kalarsu sai su karɓa su yi godiya, ba ya sake ganinsu. A hankali ya daina jira a ce masa. Daga baya ma ya daina sanin yana yi, ɗan yatsansa ne ke zuwa wurin da kansa, yadda ƙafa ke kai mutum gida ko yana tunanin wani abu.

Ya janye hannunsa ya sa a tsakanin cinyoyinsa. Wata mata ta leƙo tana tambayar katin gayyatarta, Injiniya ya tashi ya sallame ta a bakin ƙofa don kada ta shigo. Da ya dawo ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya.

"Ka ce wa yarinyar injina ne," in ji shi. "Ka ce an auna an ga tawadata ce ta yi ruwa. Ni ba 'yata ba ce, ba za ta riƙe ni a zuciya ba. In ta kira ni ma zan amsa."

Mai Hoto ya jawo kwamfutar gabansa. Ya sake buɗe na asalin, ya fara daga farko, wannan karon da hannun hagu, a hankali, kamar ɗan koyo. Injiniya ya so ya yi dariya ya fasa. Tunda ba sauri yake ba, dole Mai Hoto ya kalli fuskar. Baƙin ba ɗaya ba ne, akwai ja-ja a ƙarƙashinsa wajen kumatu, goshin na ɗaukar hasken fitila ya mayar da shi sumul, gefen wuya ya fi duhu. Shi da ya yi rayuwarsa yana kallon fuskokin mutane, ya rasa ranar ƙarshe da ya zauna ya kalli ta 'yarsa. Ya yanke gefen, ya goge tabon bango, bai taɓa ta ba.

Injin ya ja takarda yana ƙugi, ya turo ta a hankali daga ƙasa, takalmi, riga, hannaye, sannan fuska. Injiniya ya ɗaga ta a gefen allon, ba bambanci. Mai firam ya tafi sayo gilashi ba a san dawowarsa ba, sai aka sa hoton a tsakanin kwali biyu aka liƙe gefen. Mai Hoto ya ɗauka, ya yi godiya ba tare da ya haɗa ido da abokinsa ba.

A bas ɗin komawa ya haddace maganar Injiniya. Tawada ce ta yi ruwa. Ya juya ta, ya gyara mata zama, ya ƙara mata bayanin kwaɗo da ja da kore don ta yi nauyi. Magana ce mai kyau, ba ta cutar da kowa, kuma wanda za a ɗora wa laifin shi ya bayar da wuyansa. Har ya sauka a bakin layinsu yana ganin ita zai faɗa.

Ya tarar da akwati biyu a bakin ƙofa. Dangi sun watse tun jiya, matarsa na kicin tana ɗaure wa yarinya abin da za ta ci a hanya. Uwata na durƙushe a falo tana fama da zif ɗin wata jaka da ta cika ta batse. Ta yi masa sannu da zuwa. Ya miƙa mata kwalin ba tare da ya ce ta rufe ido ba.

Ta ɓare gefen, ta zaro hoton, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo. Bai ga ta dubi bayan hannunta ba.

"An gyara kwamfutar ke nan?" ta tambaya, idonta na kan hoton.

Maganar tawada na nan a bakinsa, a shirye. Sai dai ta yi tambayar ne da muryar da take lallashin marasa lafiya, muryar mai buɗe wa mutum ƙofa ya wuce da mutuncinsa, kuma ya ji ba zai iya bi ta wannan ƙofar 'yarsa na riƙe masa ita ba.

"Kwamfutar ƙalau take, Uwata. An auna. Ni ne."

Ya ci gaba, yana tuntuɓe, ya faɗi maɓallin, ya faɗi masu cewa a haska su, ya rantse bai san ya danna ba. Ya ce wallahi bai taɓa kallonta ya ga wani abin gyara ba. Da ya ji maganar a kunnensa sai ya ga ba ta da ƙafar tsayawa.

"Na sani, Baba," ta ce. "Tun jiya. In da allo ne, ai da rigar ma ta canja. Rigar tana nan yadda take, ni kaɗai na canja."

Ta faɗa ba tare da zafi ba. Sannan ta ɗaga kai ta dubi bangon da ke bayansa, shi ma ya juya. Bangon falon nan kullum yana wucewa ta gabansa, baƙi na yaba masa shi. Ga ta da kayan firamare tana riƙe da jaka, ga ta a kan keken ƙaninta, ga ta ranar da ta gama sakandare, ga ta a gefen uwarta. Duk shi ya ɗauka, duk shi ya gyara. Wata farar yarinya ce ke girma a bangon, hoto bayan hoto, wadda ba ta taɓa kwana a gidan ba.

"Da ina ƙarama na zaci haka kyamara take yi wa kowa," in ji Uwata. "Kana da na asalinsu? Ko na firamaren nan kawai."

Ya san amsar kafin ta rufe baki. A lokacin wurin ajiya bai wadace shi ba, in ya gama gyara hoto sai ya ajiye gyararren a kan na asalin, ya wuce na gaba. Ya so ya ce zai duba. Ita ce maganar da za ta fi sauƙin fita.

"Babu, Uwata."

Ta gyaɗa kai. Ta mayar da sabon hoton tsakanin kwalayen, ta buɗe babban akwatin, ta ɗaga kayan sama, ta shimfiɗa shi a tsakiya inda ba zai lanƙwashe ba. Ta ce a ɗakinta za ta rataye shi, za ta nemi mai firam a can. Ya ce ta bari ya aiko mata da firam ɗin, ta ce to. Ya durƙusa ya danne mata jakar da gwiwa har zif ɗin ya rufu, ya ji daɗin samun abin yi da hannunsa.

Mai tasin da zai kai ta tasha ya yi hon a waje. Matarsa ta fito daga kicin da leda a hannu tana share ido da gefen mayafi, tana jero abin da kada yarinya ta manta. Aka fitar da akwatuna, mai tasi ya buɗe but ɗin bayan motar yana tsara su. Rana ta yi sanyi, hasken ƙofar gidan ya yi laushi, irin wanda masu hoto ke jira. Uwata ta ja uwarta ta tsayar da ita a gefenta.

"Baba, ɗauke mu ɗaya kafin in shiga."

Ya juya zai shiga ya ɗauko kyamara.

"A'a, da wannan," ta ce, ta miƙa masa wayarta.

Ya karɓa. Ya ja baya taku kaɗan, ya ce su matso, uwar ta ɗan ɗaga haɓa. Ya jira har Uwata ta yi murmushi, ya danna. Kafin ya sauke wayar ya duba yadda ya fito, ta riga ta miƙo hannu.